Idan mahaifiyar abokinka Bayahude ta rasu: ta'aziyya da tunawa da ita, daga ranar farko zuwa zagayowar shekara

Ɗan Damagaram da ya tafi karatu Faransa ko Maroko, ko wanda ke aiki da baƙi a nan gida, zai iya wayar gari ya ji cewa mahaifiyar abokinsa Bayahude ta rasu. Zuciya tana son a je gaisuwa, amma ƙafa na nauyi, don ba a san me ake faɗi ba, me ake kaiwa, ko yaushe ake zuwa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawa ta gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye. Aka ce masa ai ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ne. Malamai da yawa sun halatta yi wa wanda ba Musulmi ba ta'aziyya. Abin da ya rage shi ne sanin yadda su suke yi, domin makokin uwa a wurin Yahudawa tsari ne mai ƙidayar kwanaki, kuma wanda ya san ƙidayar shi ke zuwa a kan lokaci.

Ka fara da tambayar ko iyalin daga wane ɓangare suke. Ashkenazi su ne waɗanda kakanninsu suka fito daga Jamus, Foland, Rasha da maƙwabtansu. Sefardi kuwa asalinsu Sifen ne da arewacin Afirka, kuma yawancin Yahudawan Faransa na yau daga Maroko, Tunisiya da Aljeriya suka zo a shekarun 1950 da 1960, musamman a 1962. Bayan wannan, akwai masu riƙo da addini sosai, akwai masu sassauci. Abin da za a faɗa a nan shi ne na masu riƙo. Idan ka bi shi a gidan masu sassauci ba ka yi laifi ba, amma idan ka yi sakaci a gidan masu riƙo za ka jawo musu wahala a kan wahala.

Jana'iza

Suna gaggauta binnewa kamar yadda muke yi, in da hali kafin kwana ya zagayo. Ba sa binnewa a ranar Asabar, wadda a wurinsu take farawa daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa fitowar taurari a daren Asabar, haka ma manyan ranakun idinsu. Mata ne ke wanke mace, a sa mata farin likkafani marar aljihu. A Turai da Amurka ana sa ta cikin akwatin katako marar ado; a Isra'ila galibi ba akwati. Ƴaƴanta za su yage rigarsu ta gefen hagu, saitin zuciya. Yagewa ta hagu ta uwa ce da uba kaɗai. Ta sauran dangi a dama take. Idan ka ga abokinka da yagaggiyar riga, ko ɗan baƙin ƙyalle yagagge maƙale a ƙirji, kada ka yi masa maganar ɗinki ko canji.

In kana garin, ka je maƙabarta da tufafi masu rufe jiki, namiji ya rufe kansa. Hularmu ta wadatar. Kada ka kai furanni, ko da ka ga Turawa suna kaiwa a jana'izarsu. Za a miƙa wa jama'a damar zuba ƙasa: ka ɗauki shebur ka zuba sau uku, ka kafa shi a tulin ƙasa don na bayanka ya ɗauka da kansa, ba a miƙa shi hannu da hannu. A wajen fita akwai ruwan wanke hannu. Namiji ba ya ba mace hannu sai idan ita ta fara miƙowa, mace ma haka.

Idan labarin ya iske abokin naka yana Zinder, taimakon da ya fi komai shi ne na tafiya. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, wuni guda cur a mota, sannan jirgi. Ka nema masa tikiti, ka karɓi aikin da ke hannunsa. Ka lura da ranar: mai riƙo da addini ba zai hau mota ba daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar.

Kwana bakwai na zaman makoki

Suna kiransa shiba. Ƙidayar daga ranar binnewa take farawa, ba daga ranar rasuwa ba, kuma ranar binnewar ita ce ta ɗaya. Wadda aka binne ran Talata, iyalinta za su tashi daga zama da safiyar Litinin. A nan mutanenmu kan yi kuskure: su lissafa mako guda cif su je ran Talata, su iske an watse. Asabar tana shiga ƙidaya, sai dai ba a nuna makoki a fili a cikinta, kuma ba a amsa waya. Idan babban idi ya shigo bayan an fara zama, kamar Fesa ko Yom Kippur, zaman ya ƙare ke nan, ko da wuni ɗaya aka yi. Saboda haka ka tambayi wani na kusa da iyalin ranakun karɓar baƙi da awoyinsu kafin ka taso.

Masu zama dole su ne mijinta, ƴaƴanta, ƴan'uwanta na jini da iyayenta in suna raye. Jikoki ba dole ba ne a kansu, su ne ma yawanci ke kai-komo da hidima. Za ka iske madubai a rufe, masu makoki a kan ƙananan kujeru kusa da ƙasa, babu takalmin fata a ƙafarsu, maza ba aski, ga kyandir babba cikin gilashi da zai ci tsawon kwana bakwai.

Abin da ya fi yi wa Bahaushe wuya shi ne shiga ba gaisuwa. Mu mun saba da doguwar gaisuwa, ina wuni, ina gajiya, ya haƙuri. A can ƙofa a buɗe take, ka shiga, ka sami wuri ka zauna, ka yi shiru har mai makoki ya fara magana. Sun ɗauko wannan daga labarin abokan Annabi Ayuba, waɗanda suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Idan ya fara magana, ka bi inda ya nufa. Minti 20 zuwa 30 ya isa, sai idan shi ya riƙe ka. In za ka tashi, Ashkenazi kan roƙi Allah ya ta'azantar da masu makoki tare da sauran masu makokin Sihiyona da Urushalima. Sefardi kan ce daga sama a ta'azantar da ku. Ba a ɗora maka faɗin waɗannan da Ibrananci ba. Ka ce Allah ya ba ku haƙuri, ya bar muku albarkar da ta bari, da harshen da kuke magana da shi. Game da yi wa mamaciyar addu'a kuwa, wannan magana ce ta fiƙihu, ka tambayi malaminka tun kafin ka je don kada bakinka ya rikice a gaban mutane. Siyasar Isra'ila da Falasɗinu kuma ka bar ta a bakin ƙofa, duk yadda take cin ranka. Uwa aka rasa.

Abincin farko bayan dawowa daga maƙabarta maƙwabta ne ke kawo shi, masu makoki ba sa ci daga nasu: burodi, dafaffen ƙwai, da ƴan ƙananan waken nan da Larabawa ke kira adas. Kai abinci gidan makoki abu ne da muka gada mu ma, sai dai a kula sosai. Naman da muka yanka halal ne a wurinmu, amma ba ya cika sharaɗin kosha, wato dokar abinci a addininsu, don haka kilishi, duk daɗinsa da tsadarsa, ba tsarabar wannan gida ba ce. Ba sa haɗa nama da nono ko man shanu, kuma abin da aka dafa a tukunyar da ba tasu ba masu riƙo ba za su ci ba, ko da alkaki ne. Abin da ba ya ba da matsala shi ne ƴaƴan itace da ba a yanka ba: lemo kilo 2, ayaba, dabino. Ko kuma ka saya daga shagonsu, a rufe, da hatimin kosha a jiki. A Faransa hatimin Beth Din na Paris, wato kotun malamansu, sananne ne, a Amurka harafin U cikin da'ira. Kada ka buɗe, kada ka juye a kwanonka.

Kuɗin gaisuwa da muke ajiyewa a kan tabarma ba al'adarsu ba ce. Sadaka suke yi da sunan mamaciya, kuma iyali kan faɗi inda suke so a kai. Sukan ba da 18 ko ninkinsa, 36, 54, saboda haruffan kalmar rai a Ibrananci lissafinsu 18 ne. Yuro 18 ya kama sefa 11,800 da ƴan kai, jika 12 ba kaɗan. Idan kana Zinder ba ka da hanyar aikawa, ka ciyar da marayu ko ka biya wa wani majinyaci magani, ka rubuta wa iyalin abin da aka yi. Wannan suna karɓarsa hannu biyu.

Abin da za ka faɗa a kanta

Nan ne ainihin aikin yake. A gidan makokin Yahudawa ba a gudun ambaton mamaciya. Don a yi maganarta aka taru. A jana'izar mace sukan karanta ƙarshen littafin Karin Magana, ɗaya daga littattafansu masu tsarki, sura 31 daga aya 10 zuwa 31, waƙar mace ta gari. Ayoyi 22 ne, kowace tana farawa da harafi ɗaya na baƙaƙen Ibrananci, kuma kusan dukansu ayyukan hannunta suke lissafawa: tashi tun da duhu, ciyar da gida, saƙa, ciniki, miƙa wa matalauci hannu. Ita ce waƙar da ake rera wa uwar gida kowace Juma'a da dare, da shigar Asabar, a kan teburin abinci, ke nan abokinka tun yana yaro yake jin ta a gaban mahaifiyarsa. Yabo a wurinsu da aiki ake yinsa, kuma malamansu sun yi gargaɗi a kan zuzuta mamaci da abin da ba shi da shi.

To, idan za ka rubuta takarda, shafi ɗaya ya isa, kalmomi 150 zuwa 250, da hannu in zai yiwu. Ka ambaci sunanta. Ka kawo abu ɗaya da ka gani da idonka ko ka ji da kunnenka: ranar da ta ciyar da kai, abin da ta tambaye ka game da mahaifiyarka, yadda take kiran jikokinta a waya. Ka faɗi wurin da lokacin. "Mutuniyar kirki ce" kowa zai faɗa, kuma bayan wata guda ba wanda zai tuna wa ya faɗa. Labarin da ƴaƴanta ba su taɓa ji ba kuwa, shi za su karanta wa jikoki. Idan ba ka taɓa ganinta ba, kada ka ƙirƙira. Ka rubuta halin da ka gani a ɗanta wanda ka san daga gida ya samo shi, da abin da ya taɓa faɗa maka a kanta. Ka guji cewa ai ta tsufa, ko ai ta huta. Shekara 90 ba ta rage wa ɗa zafin rashin uwa.

A wajen zama kuma, tambaya ta fi jawabi. A wane gari aka haife ta? Da wane harshe take yi wa yara faɗa da rarrashi, Yidish ne, Ladino ne, ko Larabcin Yahudawan Magrib? Me take girkawa ran Juma'a? Uwar gida ce ke kunna kyandiran Asabar, galibi minti 18 kafin faɗuwar rana, kuma ita ke ɗora tukunyar da za ta kwana a kan wuta, wadda ƴan Maroko ke kira dafina, Ashkenazi kuma colent. Tambaya a kan wannan tukunya takan buɗe bakin mutumin da ya wuni shiru. Akwai wuri ɗaya da ake takawa a hankali. Tsohuwar da aka haifa a Turai kafin 1945 mai yiwuwa ta rasa iyaye ko ƴan'uwa a kisan ƙare dangi na zamanin Nazi. Daga Faransa kaɗai an kwashe Yahudawa kimanin 76,000, sunayensu na rubuce a bangon tunawa a Paris. Idan iyalin suka ɗauko zancen ka saurara, idan ba su ɗauko ba kada ka tono.

Wasu iyalai kan tattara tarihinta a ɗan littafi don jikoki. In an nemi hannunka, a bari sai bayan kwana 30, kuma ba a ɗaukar murya ko hoto ran Asabar. A fara da mafi tsufa cikin waɗanda suka san ta, ƙanwarta ko ƙawarta, mutum ɗaya a zama ɗaya, minti 45 zuwa awa guda, a ɗaki marar fanka, wayar tana nesa da baki kamar kamu biyu. Idan aka tara mutum biyar a lokaci guda, mai ƙarfin murya ne zai cinye zaman, muryoyi kuma su hau juna har a kasa rubutawa. A farkon kowace ɗauka a faɗi sunan mai magana, dangantakarsa da ita, da kwanan wata. Hotuna a rubuta sunayen mutane a bayansu da fensir, don tawadar biro tana hudowa gaba. Girkinta kuma a sa wadda ta iya ta dafa, wani yana auna kowane abu kafin ya shiga tukunya, domin "ɗan kaɗan" na tsohuwa ba ya rubutuwa. A ajiye komai a wuri biyu ko uku. Waya ɗaya tana ɓata. Wannan hanya, a gaskiya, ta dace da iyayenmu mata na Birni da Zango da Sabon Gari, waɗanda tarihinsu ke tafiya da su kabari alhali jikoki na riƙe da wayar da za ta iya ɗauka. Mu nan sai a ƙara da tsare takardu daga gara da zafi, cikin akwatin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa.

Kwana 30, wata 11, wata 12

Bayan bakwai ana komawa aiki, amma makoki na ci gaba zuwa kwana 30 daga binnewa, ba aski, ba shagali. Ga mijinta da ƴan'uwanta a nan ya tsaya. Ga ƴaƴanta kuwa wata 12 ne. Cikin wannan shekara ɗa mai riƙo ba ya zuwa wurin kiɗa, don haka idan ka gayyace shi biki ko suna ya ba da haƙuri, kada ka ɗauka raini ne.

Wata 11 yana karanta kaddish a kowace rana, addu'ar girmama Allah ce da harshen Aramaik, babu ambaton mutuwa a cikinta. Ba a karanta ta sai cikin taron Yahudawa baligai 10. Wurin masu riƙo sosai maza kaɗai ake ƙirgawa, wurin masu sassauci har da mata. Kai ba ka shiga wannan ƙidaya, ko da kana tsaye a wurin. Haɗa mutum 10 a Damagaram abu ne mai wuya ƙwarai, shi ya sa wanda aiki ya dawo da shi nan yakan wakilta wani a gida ya karanta, shi kuma ya yi karatu da sadaka.

Dutsen kabari a Isra'ila galibi a kwana 30 ake kafa shi, a Turai da Amurka kuwa cikin shekarar farko. Mai ziyara yana ɗora ƙaramin dutse a kai, alamar an zo.

Zagayowar ranar rasuwa

Ashkenazi na kiranta yarzait, Sefardi da yawa hazkara. Da kalandarsu ake lissafa ta, kuma wanda ya rubuta kwanan watan Bature a wayarsa zai yi ta kuskurewa kowace shekara. Watanninsu na wata ne kamar na Hijira, kuma yini daga faɗuwar rana yake farawa, amma suna ƙara wata na 13 sau 7 a cikin kowace shekara 19, don kada idinsu su bar lokacinsu na shekara. Ga yadda abin ke kasancewa. Wadda ta rasu da rana a 11 ga Nuwamba 2024, ta rasu 10 ga watan Heshwan na shekararsu ta 5785. Wannan rana ta faɗo 1 ga Nuwamba a 2025, 21 ga Oktoba a 2026, sannan ta koma 10 ga Nuwamba a 2027 saboda watan da aka ƙara a tsakani. Da bayan magariba ta rasu a wannan rana, da 11 ga Heshwan za a rubuta, kuma duk lissafin ya gusa da kwana ɗaya. Ke nan tambaya biyu za ka yi: wace rana, kuma kafin faɗuwar rana ne ko bayanta. Shafin Hebcal a intanet yana fitar da ranakun shekaru masu zuwa idan ka ba shi waɗannan biyun.

Wata uku ne ke kawo ruɗani. Heshwan da Kisleb wata shekara kwana 29 ne, wata shekara 30. Adar kuwa shi ne ake ninkawa, kuma wadda ta rasu a Adar na shekara mai wata 12, idan shekara mai Adar biyu ta zo, Ashkenazi galibi na farko suke bi, Sefardi na biyu. A waɗannan, kada ka yanke da kanka. Ka tambayi iyalin ranar da malaminsu ya tsayar musu. Haka ma shekarar farko idan an jinkirta binnewa da kwanaki, wasu daga ranar binnewa suke lissafawa.

Kyandir na ranar na cikin gilashi ne, mai cin awa 24, kuma da yammacin jajibiri ake kunna shi, a bar shi ya mutu da kansa. Idan abokin naka yana gidanka a Zinder, ka ba shi wuri nesa da labule da iskar fanka, a ɗora gilashin a kan farantin ƙarfe. Lokacin hunturu iska kan kashe shi idan yana kusa da taga. Saƙonka ya kamata ya isa kafin a kunna. A misalin da ke sama, 1 ga Nuwamba 2025 Asabar ce, ke nan an kunna kyandir ran Juma'a kafin rana ta faɗi, daga nan kuma waya a kashe har daren Asabar. Saƙon da zai yi amfani shi ne na safiyar Juma'a. Ka tuna da bambancin agogo: Faransa daidai take da Nijar lokacin sanyinsu, tana gaba da awa ɗaya lokacin zafinsu, Isra'ila kuwa awa ɗaya ko biyu. Layi biyu ko uku sun isa, da sunanta a ciki.

Ashkenazi suna da wata addu'ar tunawa, yizkor, sau 4 a shekara a majami'a: Yom Kippur, Shemini Atseret, ranar ƙarshe ta Fesa, da Shabuwot. Idan kuma aka haifi mace a gidan bayan rasuwar, ka tambayi sunanta. Ashkenazi sunan mamaci suke sa wa jariri, ba sa sa na mai rai, don haka da wuya jaririyar ta rasa sunan kakar ko wani suna mai harafin farko irin nata. Sefardi kuwa tun tsohuwa na raye ake yi mata takwara, kamar yadda ake yi a gidajenmu, saboda haka mai sunanta wataƙila tana cikin jikokin da suka karɓe ka a ƙofa ranar gaisuwa. In za ka aika takardar zagayowar shekara, ka sa mata gaisuwa ta daban a ƙasa.